Ranar da Mali Ta Jiƙa Gidanmu

Watan huɗu ne, Sakkwato tana dahuwa.
Kwanon rufi na ƙara tun da hantsi,
ƙadangaru sun liƙe bayan randa,
kazar Inno baki buɗe tana neman inuwa.

Matar Kawu Modi sunanta Mali.
Da anka ce tana tafe mun zaci 'yar Bamako ce,
sai ga 'yar guntuwar mace daga Tailan,
can inda Kawu ke kai jar fatar awaki
ya komo da takalma ya baza a kasuwa.
Shekararta bakwai cikinmu a Mabera.
Ta iya dama fura, ta iya ƙure mai albasa a ciniki,
in ta ce "lahiya lau" ka rantse a Gidan Igwai anka yanke cibinta.
Amma duk watan huɗu sai ta yi tsit,
ta zauna gindin zogale da waya, tana kallon hoton uwa.

Bana Luba ta matsa mata da tambaya.
Ta ce, "Yau a garinmu shekara ke juyawa.
Titi duk ya zama gulbi,
yaro ya jiƙa babba, babba ya rama, ba mai fushi.
Amma kafin nan sai ka durƙusa gaban tsohonka,
ka zuba masa ruwa a tafin hannu, ka nemi yafewa."

Inno ta jiyo daga ɗaki.
"Ruwa? Da wanga tsada?
Famfonmu rabonshi da ko tari tun kafin azumi!
Wanda ya kwana bakin gulbi shi ka wasa da ruwa."

Kawu bai ce uffan ba, ya ɗauki hula.
Jim kaɗan sai ga Nomau ya turo kura,
jarka goma, gumi na bin gemunsa.
"Yau ɗai, Inno. Ni ka biya."
Ta ja tsaki. Amma fa ta fito, ta sa an shimfiɗa mata tabarma,
wai don ta ga iyakar ɓarna da idonta, in ji tsohuwa.

Mali ta girka babbar tasa a ƙasa don kar ɗigo ya salwanta.
Babu furen ƙasarsu,
sai ta murza na'a-na'a da ɓawon lemun tsami cikin ƙoƙo.
Ta durƙusa. Inno ta miƙo hannuwa,
hannun da ya tuƙa tuwon mutum talatin,
lalle ya koɗe, jijiyoyi kamar saiwa.
"Inno, ki yafe mini abin da na faɗa da yarenmu
ranar da kika ce miyata ta yi zaƙi."
Inno ta yi shiru, ruwa na bi ta tsakanin yatsu.
"Ni ma na faɗi nawa da Fillanci, ɗiyata.
Mun yi kunnen doki. Allah shi ba mu lahiyar rayuwa."

Ban san wa ya fara ba.
Na dai ji sanyin buta a ƙeya.
Jabbi ya huda leda yana feshi,
Luba da moɗa, ni da murfin tukunya ina karewa.
Shaddar Kawu ta manne masa kamar fatar da bai sayar ba,
Nomau da ke jiran kuɗinsa a zaure ya sha nasa rabo.
Sai ga Inno, wallahi Inno,
ta lallaɓo da ludayi ta bayan Mali,
ta juye mata a ka, tana dariya har da shaƙewa.

Ruwan tasa munka kai wa zogale,
awaki sunka lashe na kwatami.
Kafin kiran la'asar ƙasa ta shanye kome,
sai ƙamshin nan na yayyafin farko,
alhali damina na can nesa, ko hadari bai yi niyyar haɗuwa ba.

Mali ta kira gida, kallabi na ɗiga.
Inno ta karɓe wayar ta ƙura wa wata tsohuwa ido,
ba mai jin wata, sai gyaɗa kai ake, gaisuwa kan gaisuwa.
Da ta miƙa wayar ta ce wa Kawu,
"Baɗi jarka biyar ta isa, kar ka zarce.
Kuma a tashe ni da wuri. Ni ka farawa."